DAFIN DA KE KWANCE A CIKIN KWATA

  

Maganar da muka kawo muku yau maganar kwata ce. Mun san wani zai ce, haba, ga tsadar hatsi, ga kuɗin rumfa, ga kuɗin makarantar yara, a rasa abin da za a tara mu a kansa sai lambatu? To, a yi haƙuri a saurara. Ruwan da ya bi lambatu ba ɓacewa yake yi ba. Rafi yake shiga, daga rafi sai fadama, daga fadama sai kwandon mai latas da tiren mai kifi, daga nan kuwa sai tukunyar gidanka. Saboda haka wanda ya yi maganar kwata, maganar miyar gidanka yake yi.

Abin da muke so ku tafi da shi gida guda ɗaya ne. In kamfani ya yi shekaru yana zuba ruwan guba a magudanar gari, sa'an nan ya rufe, masu shi suka kwashe injuna suka tafi, kada wani ya ce muku magana ta ƙare. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Dafin yana nan kwance cikin taɓon da ke gindin kwata, kowace damina kuma ruwa yana ɗiban kaɗan yana kai wa kogi. Ba ya fita sai an shiga an kwashe shi da gangan.

Domin kada ku ce zance muke yi a baki, za mu ba ku labarin wani gari mai nisa da ya gamu da wannan masifa ya kuma tashi ya yi aikin. In mun gama sai mu komo gida mu dubi namu.

WANI KOGI A AMURKA

A arewa maso yammacin ƙasar Amurka, cikin jihar Washinton, akwai wani babban birni a bakin teku ana ce da shi Siyatil. Wani kogi mai suna Duwamish ya ratsa ta kudancin birnin ya faɗa teku. Tun 1913 aka fara miƙe ƙarshen kogin, aka yashe shi domin manyan jiragen ruwa su shiga. Nan da nan ma'aikatu suka cika gaɓarsa: masu narka ƙarfe, masu siminti, masu gyaran jiragen ruwa, da kamfanin Boeing mai ƙera jiragen sama, wanda ya ƙera dubban jiragen yaƙi a nan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Dukiya ta samu ƙwarai. Amma ruwan wanke-wanken ma'aikatun nan, da na tituna, da na magudanan birni, duk kogi ya nufa.

A 2001 gwamnatin tarayyar Amurka ta sa mil 5 na ƙarshen kogin nan cikin jerin wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar, waɗanda tilas a share. Cikin gubobin da aka samu a lakar gindinsa, wanda ya fi tayar da hankali shi ne wani mai da Turawa ke kira PCB.

Bari mu gaya muku ko mene ne shi. Wani mai ne na haɗi, ba a haƙo shi a ƙasa ba. An fara yinsa na sayarwa a Amurka a 1929, daga 1935 kuma kamfanin Monsanto ya riƙe sana'ar. An so shi domin ba ya kama wuta da wuri, ba ya lalacewa, lantarki ba ya bi ta cikinsa. Sai aka riƙa zuba shi a taransifoma, aka gauraya shi a fenti, da danƙon da ake liƙe tsagar siminti da shi. Abin da aka yi a duniya duka ya haura tan miliyan ɗaya.

To, halin nan da aka so shi dominsa, shi ne ya zama bala'i. Abin da wuta ba ta ci, rana da ruwa ma ba sa cin sa. A 1966 wani masani a ƙasar Suwidin, sunansa Soren Jensen, ya gano shi a jikin kifi da tsuntsaye. A 1968 a Japan ya zuba cikin man girki da ake yi da dusar shinkafa, dubban mutane suka kwanta: ƙuraje suka feso musu, fata ta yi baƙi, idanu suka kumbura, har jariran da aka haifa a lokacin abin ya taɓa su. Monsanto ya daina yinsa a 1977, Amurka ta hana yinsa a 1979. A 2013 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbata suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji.

Ku lura da shekarun nan, jama'a. An hana abu a 1979, amma bayan shekara 22 kogi yana nan cike da shi. Yaya aka yi?

YADDA DAFI KE ZAMA A MAGUDANA

PCB ba ya son ruwa, laka yake so da maiƙo. In ya zuba a harabar kamfani sai ya manne wa ƙura. Ruwan sama ya kwashe ƙurar ya kai ta ramin da ke bakin titi, daga nan cikin bututu. Duk inda bututu ya lotsa ko ya karya kwana, taɓo ya kwanta. Shekara bisa shekara yana taruwa, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya ɓamɓaro wani sashe ya kai kogi.

A kogi, tsutsotsin cikin laka su ci, ƙananan kifaye su ci tsutsa, manyan kifaye su ci ƙanana, mutum ya ci babba. Kowane mataki dafin ƙaruwa yake yi, domin a kitse yake zama, jiki ba ya fitar da shi da wuri. Mace mai ciki tana iya miƙa wa ɗan da ke cikinta, mai shayarwa ta miƙa ta nono. Ga shi kuwa kifin da idonsa garau, ba wari, ba canjin ɗanɗano. Wanda ya shekara talatin yana sayar da kifi ma ba zai gane ba.

Hukumar lafiya ta jihar ta kafa alluna a bakin kogin cewa kada a ci kifin da ke zaune a cikinsa, ko ƙaguwarsa. Wani kifi guda da suke kira salmon kaɗai aka yarda a ci, domin shi wucewa yake yi daga teku.

Wa kuke tsammani ke kamun kifi a wurin? Mai kuɗi a kanti yake sayen nasa. Masu jefa ƙugiya a Duwamish galibinsu marasa ƙarfi ne, baƙin da suka zo daga ƙasashe irin su Biyetnam da Kambodiya, da 'yan asalin ƙasar waɗanda kakanninsu ke su a kogin tun kafin zuwan Turawa. Wani bincike da aka fitar a 2013 ya nuna mutanen unguwannin da ke bakin kogin rayuwarsu ta gaza ta mutanen wata unguwar masu hali a birnin da shekara 13. Dalilan suna da yawa, har da hayaƙin motoci da talauci, amma abin lura shi ne ko'ina a duniya gangaren kwata wajen gidan talaka yake kallo.

A FARA DAGA TUDU

Yanzu ga darasin da ya fi kowane amfani. A bakin kogin akwai wani lungu inda jirage ke tsayawa, suna ce da shi na 4. Lakarsa ta ƙazantu ƙwarai. A 2006 aka yanke shawarar kwashe ta. Ana shirin fara aiki sai masu awo suka ga bututun ruwan sama da ke zuba a lungun har yanzu yana kawo PCB daga wajen filin jiragen sama da ke kusa. Da an yashe a lokacin, da an yi aikin baban giwa, domin bayan 'yan shekaru sabuwar lakar za ta koma kamar ta da. Sai aka dakata.

Aka bi bututu aka hau tudu. Aka tarar da wata tsohuwar magudana ta tashar lantarki da aka gina tun 1906, aka kwashe taɓonta aka sake ta. Aka tarar danƙon da aka liƙe simintin filin jirgi da shi yana ɗauke da dafin, aka ɓamɓare. Aka wanke bututu, aka kafa injin tace ruwan sama. Sai a ƙarshen 2011 aka shiga lungun, aka gama a farkon 2012. Wannan iyayenmu mata sun riga injiniya sani: ba a fara shara daga bakin ƙofa a nufi ƙuryar ɗaki.

Ga yadda ma'aikatan birnin ke yin aikin, daki daki.

Da fari bin sawu. Suna ɗaure 'yan kwalabe a cikin manyan bututu su bar su watanni, laka ta taru, su kai ɗakin awo. Inda bututu ya rabu biyu, su auna kowane reshe, su bi wanda ya fi dafi, har su iso ƙofar da abin ke fitowa. Ta haka suka gano wani tsohon ginin kamfanin giya wanda fentin bangonsa ke ɓarewa yana faɗawa kwata, ashe fentin cike yake da PCB. Har kare suka horar yana shinshino musu shi.

Na biyu toshe tushe. Mai wurin da aka kama, doka ta tilasta masa ya gyara harabarsa ya wanke magudanar gidansa.

Na uku wanke bututu. Ana toshe bakin da ke fita kogi tukuna. Sa'an nan a zura mesa mai feshin ruwa da ƙarfi ta kankare taɓon, wata mota mai zuƙa irin ta kwasar masai ta zuƙe duka. Daga baya a zura na'urar ɗaukar hoto a ga ko ya fita, a ga kuma inda bututu ya fashe.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa, ina za a kai abin da aka kwaso? Ana tsane taɓon, ruwan a tace shi, busasshen a auna. A dokar Amurka, in PCB ya kai kashi 50 cikin miliyan, watau abin da bai kai cokali huɗu ba cikin buhu 10 masu kilo 100, to, ya zama shara mai haɗari, sai wurin musamman da aka yarda da shi.

Na biyar komawa a sake awo bayan an wanke. In dafin ya dawo, an san akwai tushen da ba a gano ba.

WA ZAI BIYA?

A 2014 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da shirin share kogin, ta ƙiyasta zai ci dala miliyan 342. Dokarsu ta ce wanda ya ɓata shi zai biya, ko da a lokacin da ya zuba babu dokar da ta hana. Saboda haka kamfanin Boeing da hukumar birni da ta gunduma suna cikin masu ɗaukar nauyi. Amma kuɗin hukumar birni daga aljihun wa yake fitowa? Daga masu biyan kuɗin ruwa da na magudana. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Shi ya sa a 2016 birnin ya kai Monsanto kotu. Aka yi shekara 8 ana fafatawa. A 2024 kamfanin, wanda Bayer na Jamus ya saya tun 2018, ya yarda ya biya dala miliyan 160, ko da yake bai amsa laifi ba. Jihar Washinton ita ma ta karɓi dala miliyan 95 a 2020. Babban aikin yashe kogin kuwa sai a ƙarshen 2024 aka fara shi, shekara 23 bayan an sa shi a jeri. Ƙasa mai arziki ke nan, mai kotuna da injiniyoyi. Zubawa minti ɗaya ce, kwashewa kuwa sai yaro ya girma ya yi aure.

MU KOMO GIDA

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da unguwannin ma'aikatu da suka daɗe, muna da kamfanonin da suka rufe, muna da rafukan da suka sha ruwansu.

A Kano, ruwan ma'aikatun Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, wadda ta riga ta kwaso dagwalon cikin birni, su tafi tare har madatsar Wasai ta wajen Minjibir. Na Sharaɗa da na Challawa kuma kogin Challawa suke nufa. A Kaduna, masaƙun Kakuri, waɗanda na farkonsu ya buɗe a 1957, sun shekara da shekaru ruwan rininsu yana bin magudanan Kakuri da Makera zuwa kogin Kaduna. Yawancin masaƙun nan sun yi shiru yanzu, dubban ma'aikata sun rasa abin yi. Albashi ya tsaya, amma abin da ya kwanta a gindin magudana ba a sallame shi tare da ma'aikata ba.

Namu dafin da aka fi sani ƙarafa ne. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, kamfanin fata kuwa da gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam. Akwai dalma daga batir da fenti, akwai wani mai suna kadmiyam. Malaman jami'o'inmu sun sha auna ruwan Getsi da Jakara da Challawa, da ƙasar fadamun da ake ban ruwa da su, da ganyen da ake nomawa a wurin, sun kuma sha samun ƙarafan nan. Ƙarfe ba ya ruɓewa ko bayan shekara ɗari. Dalma tana daƙushe ƙwaƙwalwar yaro, kadmiyam yana cin ƙoda. Manomin da ke jan ruwan nan da rani bai yi laifi ba, shi kaɗai ne ruwan da ke gudana kusa da gonarsa.

PCB ma bai bar mu ba, domin tsofaffin taransifomomi da yawa da aka shigo da su kafin a hana da shi aka cika su. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar duniya ta birnin Istokholm a 2004, wadda ta sa 2025 ta zama shekarar daina aiki da kayan da ke ɗauke da shi, 2028 kuma shekarar gama halaka shi. Hukumomin muhalli na ƙasar nan sun sha gargaɗi cewa man taransifoma na sata yana shiga hannun masu suya. Iyayenmu masu ƙosai da masu awara da masu suyar kifi, ku tuna da abin da ya sami mutanen Japan. Man da ba ku san asalinsa ba, mai arhar da ta wuce hankali, wanda ake ce muku ba ya ƙonewa ba ya ƙarewa, ku guje shi.

Sa'an nan ku dubi yadda muke yashe kwata. Ranar tsabtace gari matasa su shiga lambatu ba takalmi ba safar hannu, su tara taɓo a bakin titi. Mota ba ta zo ba. Rana ta busar da shi, iska ta watsa shi kan tsire da garin da aka shanya, ragowar ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Wani lokaci mai jaki ko mai kura ya kwashe ya kai gona a matsayin taki. A unguwar da babu ma'aikata wannan ƙazanta ce kurum. A gangaren kamfani kuwa raba dafi ne gida gida.

ABIN DA MUKE NEMA

Doka ba ta rasu ba. Tun da aka kama gubar da aka jibge daga Italiya a garin Koko a 1988 aka yi dokar hana zubar da shara mai haɗari, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin dokokin muhalli. Abin da ya rage aiki ne. Ga abin da muke nema, ku ma ku nema daga duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ko na wace jam'iyya ne.

Ɗaya, a auna taɓon magudanan da suka fito daga unguwannin ma'aikatu, reshe reshe, har da na kamfanonin da suka rufe. A faɗi sakamakon da Hausa, a rediyo, a kuma manna a ƙofar kasuwa.

Biyu, kamfanin da ke aiki ya tace ruwansa kafin ya sake shi. Wanda ya rufe, kada a mayar da filinsa shaguna ko gidaje sai an auna an share, a kuma cire kuɗin aikin daga kuɗin filin. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Uku, a yashe daga tudu zuwa gangare, magudana tukuna kafin rafi, da rani kafin ruwa ya sauka.

Huɗu, taɓon da aka kwaso a ɗauke shi a ranar, a kai shi ramin da aka shimfiɗe gindinsa yadda ba zai tsiyaya cikin rijiyoyi ba. Masu aikin a ba su takalman roba da safar hannu da haƙƙinsu.

Biyar, kada a kori manoman fadama da masunta a ce an yi maganin abu. A haƙa musu rijiyoyin ban ruwa, a nuna musu inda ke da haɗari.

Wani zai ce, in kun matsa wa kamfanoni za su gudu, 'ya'yanmu su rasa aiki. Muna son ma'aikatu, mun fi kowa sanin zafin zaman banza. Amma Boeing bai bar jihar Washinton ba don an sa shi ya wanke bututu. Kuma kuɗin da kamfani ya ƙi kashewa wajen tace ruwa, ba ɓacewa ya yi ba, kai ne kake biyansa a asibiti.

Mu ma da namu aikin. Makaniki da mai janareta, kada a juye baƙin mai a lambatu, a tara a jarka. Mai gyaran batir, kada a zubar da ruwansa a kwata, kada a narka dalma a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Mai ganye, a wanke da ruwa mai tsabta, ko da yake wanki yana fitar da na bayan ganye ne kurum, wanda saiwa ta sha sai an gyara ruwan daga tushe. Shugabannin 'yan kasuwa, in kun ga kwatar layinku ta kawo ruwa ja ko shuɗi ko mai kumfa, ku rubuta rana da lokaci, ku kai ƙara a rubuce da sunan ƙungiya, ku riƙe kwafi. Takardar mutum ɗaya tana ɓacewa a ofis, ta mutum dubu tana da wuyar ɓacewa.

Jama'a, mutanen Siyatil sun gāji kogi mai kifi daga kakanninsu, suka wayi gari suna kafa alluna suna hana 'ya'yansu ci. Mu har yanzu ana kamun tarwaɗa da karfasa a ruwayenmu, ana kawowa kasuwa, muna saye muna ci. Gobe da safe in za ku buɗe rumfa, ku tsaya ku leƙa kwatar da ke gabanta, ku tambayi kanku daga ina ta fito, ina kuma ta nufa. In mun sake haɗuwa, kowane layi ya zo mana da amsa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Wassalamu alaikum.